Mai dokar barci: yadda masu jera waƙoƙi don kansu ke sauya ƙa'idojinsu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Ranar da shugaban zama ya kira ni ya tambayi abin da zan yi magana a kai, da na faɗa masa sai ya yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Ban ga laifinsa ba. Akwai mutane a duniya da duk ƙarshen mako sai su zauna su jera waƙoƙin da suka fi kwanta musu a rai, daga ta ɗaya zuwa ta goma, ko ta ashirin, ko ta arba'in. Su rubuta inda kowace take a makon jiya, da yawan makonnin da ta yi a jeri, da matsayi mafi girma da ta taɓa takawa. Ba mai biyansu, ba mai dubawa, yawancinsu ma ɓoyewa suke yi. Gara in tona kaina tun kafin wani ya tona ni: ina cikinsu. Wannan tsohon littafin da kuke gani a hannuna tun ina sakandare na fara shi, kuma shafinsa na farko dokoki ne, an soke wasu, an rubuta wasu a gefe da biro kala uku. A kan wannan shafin zan yi magana.

Asalin abin daga kasuwa ya fito. A watan Yulin 1940 mujallar Billboard ta Amurka ta fara buga jerin faya-fayan da aka fi saya a faɗin ƙasar. A Ingila kuwa sai Nuwamban 1952, lokacin da wani ma'aikacin jaridar New Musical Express mai suna Percy Dickins ya ɗauki waya ya kira shaguna wajen ashirin yana tambayar abin da suka sayar. Gurbi 12 ya tanada, amma waƙa 15 ta shiga, saboda wasu sun yi kunnen doki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Jadawalin nan na waƙa ɗari da ake kira Hot 100 ya fara ne ranar 4 ga Agustan 1958.

Rediyo ne ya kai abin cikin ɗakunan yara. A Amurka Casey Kasem ya fara shirinsa na American Top 40 a Yulin 1970, yana ƙirgowa daga ta arba'in har zuwa ta ɗaya. A Ingila a wancan zamanin BBC ce ke yin nata ranar Lahadi da yamma, yara na zaune da rikoda da kaset da takarda. Yau ka kwafa, gobe ka kwafa, wata rana sai ka ji an sanar da lamba ɗaya ranka ya ɓaci, ka ce wallahi wannan ba ta kai ba. Daga nan sai ka ja layi ka buɗe naka shafin. Mu da muka tashi da Zaɓi Sonka a rediyon Kaduna mun san wannan gardamar, sai dai mu a bakin teburin mai shayi muke ƙare ta.

Yaro ba ya ƙirƙirar doka da farko, aro yake yi. Dokar da kusan kowa ya fara arowa ita ce waƙa ba ta shiga sai wadda kamfani ya fitar ita kaɗai a ƙaramin faifai. Ana nan sai ka sayi kundi sukutum, ka tarar waƙa ta bakwai a ciki, wadda ba a taɓa sa ta a rediyo ba, ita ce ta hana ka barci. Ranar nan dokar farko ke mutuwa. Billboard kanta ta daɗe tana riƙe da wannan dokar har ta zame mata abin kunya. A shekarun 1990 kamfanoni suka gane cewa idan suka ƙi fitar da ƙaramin faifai, dole mai so ya sayi babban. Waƙar Don't Speak ta ƙungiyar No Doubt ta yi mako 16 tana kan gaba a gidajen rediyon Amurka amma ba ta leƙa Hot 100 ba ko sau ɗaya. Sai ranar 5 ga Disamban 1998 aka buɗe ƙofa.

Doka ta biyu ita ce ta waƙar da ta zo ta share wuri ta ƙi tafiya. Tun 1991 Billboard ta fara cire waƙoƙin da suka daɗe, dokar ta zo ta tsaya a kan duk waƙar da ta cika mako 20 ta kuma faɗo ƙasa da lamba 50, daga baya a 2015 ta ƙara da cewa mai mako 52 da ta faɗo ƙasa da 25 ita ma ta kama gabanta, kafin ta sake sauya dokar a 2025. Su dalilinsu a fili yake, kasuwa na son sabon kaya a kan tebur. Ni me zan sayar? Amma na kwafa. Ga shi nan a shafin: mako 20, a fita. Kusa da shi an soke 20 an sa 26. An sake sokewa an sa 30. Can ƙasa da jan biro aka ƙara, sai dai idan tana cikin biyar na sama. Idan kuka bi kwanakin, kowane gyara ya zo ne daidai makon da za a kori wata waƙa da nake mutuwar so. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na tambayi abokan wannan sha'awa da yawa, kuma ban taɓa samun wanda ya sassauta dokar kora a makon da ba ta shafi kowa ba.

Sai matsalar mawaƙi ɗaya ya cinye wuri. A Maris ɗin 2017 Ed Sheeran ya saki kundi, waƙoƙinsa 16 suka shiga cikin ashirin na sama a Ingila. Kafin watan Yuli ya wuce an kafa doka: mawaƙi ba zai wuce waƙa uku a jadawali ba. Amurka ba ta bi ba, shi ya sa a Nuwamban 2022 Taylor Swift ta kwashe gurbi goma na farko ita kaɗai. Masu littafi ma haka suka rabu. Wasu sun ce in dai shi kaɗai na saurara a makon, to shi kaɗai zan rubuta. Ni ina ɓangaren masu iyaka, don shafin da suna ɗaya ya cika babu abin karantawa a cikinsa bayan shekara goma.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, don duk waɗancan ƙananan rigingimu ne. Da can abin da ke jera waƙoƙin zuciya ce. Ka zauna ka tambayi kanka wacce ka fi so, ka rubuta. A 2002 wani ɗalibin jami'ar Southampton, Richard Jones, ya haɗa wata manhaja mai suna Audioscrobbler da ke ƙirga duk waƙar da ka kunna a kwamfuta, wadda a 2005 ta haɗe da shafin intanet na kiɗa mai suna Last.fm. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: waƙa ta wuce daƙiƙa 30, ka saurari rabinta ko minti huɗu, an rubuta maka ɗaya. Mutane da yawa suka ce alhamdulillahi, mun huta da son kai, inji zai faɗi gaskiya.

Kuma ya faɗi wata gaskiyar mai ɗaci. Irin haka ta taɓa faruwa da Billboard. Kafin 1991 masu shago ake tambaya abin da suka sayar, su faɗa da baki. Da aka koma ƙirgawa da na'urar SoundScan a wurin biyan kuɗi, sai ga kiɗan rap da kiɗan kantiri na mutanen karkara sun yi sama. A shekarar kundin ƙungiyar rap ta N.W.A ya hau lamba ɗaya, na mawaƙin kantiri Garth Brooks kuma ya shigo kai tsaye a lamba ɗaya. Dama can ana saya, faɗa ne ba a yi. To haka inji ya yi wa mai littafi. Kai kana gaya wa mutane waƙa mai zurfin ma'ana ce gwanarka, shi kuma ya nuna wata 'yar waƙar rawa ka kunna sau talatin.

Sai dai injin ma yana da nasa ƙaryar. Ka bar waya a kunne barci ya kwashe ka, da safe waƙar da ba ka ji ba ta zama sarauniya. Yarinyarka ta ɗauki wayar, waƙar yara ta hau lamba biyu. Gajeriyar waƙa kullum tana cin doguwa: a lokacin da za ka saurari waƙa ɗaya ta makaɗin fada mai minti ashirin, wani ya juya mai minti biyu sau goma, kuma inji zai ce ya fi ka so ninki goma. Mu nan ma namu ya fi yawa. Waƙar da ka ji a adaidaita sahu, da ta gidan biki, da wadda mai turi ya zuba maka a memori kake ji a ƙaramar rediyo, duk babu mai ƙirga su.

Daga nan dokoki suka fara haihuwa. Wani ya ce minti zan ƙirga, ba yawan kunnawa ba. Wani ya ce waƙa ba za ta samu fiye da biyar a rana ba. Wani ya raba maki, kaso kaza na inji, kaso kaza na zuciya, yana ta murɗa kason har sai wadda yake so ta fito a sama. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da na kama kaina ina yi. Daren Asabar na ga saura kunnawa huɗu wata waƙa ta riƙe kambunta mako na takwas, sai na sa ta tana juyawa, na rage murya, na tafi alwala. Ina dawowa na tsaya na kalli wayar. Wa nake cuta? Littafin da na buɗe don ya rubuta abin da na ji ya koma shi ke gaya mini abin da zan ji. Makon da ya biyo na koma jera su da hannu, ƙirgen inji kuma na mai da shi shaida, ina dubawa amma ba shi ke yanke hukunci ba.

Maganar ranar da mako ke farawa ba zan daɗe a kanta ba. A Yulin 2015 kamfanonin duniya suka tsayar da Juma'a ranar sakin sababbin waƙoƙi, manyan jadawalai suka gyara makonsu, masu littafi da yawa suka bi. Ni na zauna a Lahadina. Abin da ya fi ba ni wahala azumi ne, don nakan rufe littafin wata guda. Shin makonnin nan suna cikin lissafin waƙar da ke sama ko ba sa ciki? Na yi shekaru ina ƙirga su, har na lura duk waƙar da ta yi sa'ar hawa a ƙarshen Sha'aban tana samun mako huɗu a ɓagas. Yanzu tsallake su nake yi.

Akwai kuma sauyin da shekaru ke kawowa, wanda ba mai son ya ambata. Kana ɗan sha bakwai gurbi arba'in ba ya isarka. Ka yi aure, aiki ya yi yawa, sai ka ga daga lamba 25 zuwa ƙasa cike gurbi kawai kake yi. A rage zuwa ashirin, a rage zuwa goma, wasu su koma wata-wata. Dokar cewa sai waƙar bana ita ma ta sassauta ta koma sai wadda na fara ji bana, ko da ta girme ni. Manya ma sun sha wannan. Waƙar Kate Bush ta 1985, Running Up That Hill, ta dawo da ƙarfi a 2022 bayan an sa ta a wani shirin talabijin, amma dokar Ingila da ke rage darajar sauraron tsofaffin waƙoƙi ta danne ta. Sai da aka ɗage mata dokar sannan ta hau lamba ɗaya a watan Yuni, shekara 37 bayan fitowarta.

Na ƙarshe da zan taɓa shi ne komawa baya. Idan ka sauya doka yau, ta shafi jiya? Lokacin da jerinka ashirin ne, lamba ɗaya maki 20 take ci. Ka faɗaɗa zuwa arba'in ta koma cin 40. In ka tashi haɗa gwanayen duk tsawon shekaru, na baya sun cutu. Wannan lissafi ne, ana iya daidaita shi, Billboard ma takan ba kowane zamani nasa ma'auni idan za ta haɗa irin wannan jerin. Wanda ba ya daidaituwa shi ne kunya. Wani abokina da ya kwashe littattafansa zuwa Excel, yana kwafa yana gyara. Duk waƙar da ya ga ba ta dace da mutuncinsa na yanzu ba sai ya sauko da ita, ya ɗaga wadda duniya ta yarda da ita daga baya. Ya gama ya nuna mini, tsaf-tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kuma yaron da na sani a aji uku babu shi a ciki. Tun ranar na daina rubutu da fensir.

Na ga hannu a can. Bismillah, ƙanwata.

Ta ce, Malam, wace waƙa ce a lamba ɗaya a wannan makon?

Kin ga, ke ma so kike ki tona ni. Gaskiya biyu ne suka yi kunnen doki, irin na mutumin nan na 1952. Shi ya bar su su zauna gurbi ɗaya. Ni dokata ta ce idan aka yi haka wadda ta riga hawa ita ke zama. Matsalar ita ce sabuwar nake so, kuma ga biro a aljihuna. Mako bai rufe ba tukuna, sai Lahadi da dare.