Jinin ƙaho ya yi baƙin jini a banza

[Bidiyon da ke yawo, ba sauti]

Na san kun ga wannan. Ni sau huɗu aka turo mini shi a WhatsApp cikin mako guda, na ƙarshen daga gwaggona da ke Shari'a Mansur a Makka, har da saƙon murya: "Ɗan nan, kai da ka yi boko, dubi dattin da ɗan Adam ke yawo da shi." Mai ƙaho ya cire kofi daga bayan wani bawan Allah, ya juye a faranti, jini ya fito baƙi-baƙi, guda-guda kamar hanta. Sai ya ce wai mataccen jini ne, ya shekara da shekaru a kwance.

Gwaggo, Allah ya bar mana ke, ga amsarki. Amma kafin a ce na taɓo sunna: ba ruwana da ƙaho yau. Wanzamanmu sun gaje shi kaka da kakanni, ya zo a hadisi, nan Saudiyya ma akwai wuraren hijama, wato ƙaho, masu lasisin hukuma. Maganar launi kawai na zo gyarawa.

[Zanen zuciya tana bugawa]

Mu bi ta nan da sauri. Ga zuciya, girmanta bai wuce dunƙulen hannunka ba. Ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakani wanda ba shi da ƙofa. Ku riƙe maganar bangon nan, za mu dawo kansa. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma ko yana zaune yana shan shayi zuciya na tura kusan lita 5 ɗin nan a kowane minti. Kafin ka gama kofi ɗaya, jininka ya zaga jikinka sau da yawa. To wanda ake kora haka, ina ya ga wurin shimfiɗa tabarma har ya shekara? Jajayen ƙwayoyin jini ma kwana 120 suke yi, su tsufa, saifa da hanta su kwashe su, ɓargo ya ƙera sababbi.

[Ƙwayar jini, an kusanto da ita]

Yanzu mu sassauta, don nan ne ake ɓata hanya.

A cikin kowace jar ƙwaya akwai wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe, sunansa himogulobin. Shi ne ya ba jini launinsa. Ku ɗauke shi kamar motocin da ke jigilar alhazai daga masauki zuwa Harami, sai dai wannan motar kujerunta huɗu ne rak, fasinjanta kuma iskar oksijin. Idan kujerun sun cika, himogulobin yana sauya siffa, jinin ya yi ja wur. Idan wasu sun sauka, ya koma ja mai duhu, kamar zoɓon da aka dafa da kauri. Mota ɗaya ce, ba a canja ta ba.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Jinin da ke fita daga zuciya zuwa jiki, kujerunsa a cike suke kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari. Wanda ke dawowa, baƙin nan da ake zagi, in mutum yana hutawa, har yanzu yana ɗauke da kusan kashi 75. Wato cikin kujeru huɗu, ɗaya kawai aka sauke. Sauran ukun ajiya ce, don ranar da za ka yi sassarfa tsakanin Safa da Marwa, ko ka hau Jabal Nur. Wannan ne matacce?

Duk wanda ya taɓa gwajin lafiya na iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya riga ya ga shaida da idonsa. Aka ɗaure maka damtse, aka soka allura a gwiwar hannu, kwalbar ta cika da jini mai duhu. Wa aka taɓa ce wa jininsa ya mutu? Daga jijiyar komawa aka ɗiba, launinta ke nan. Koren da ake gani a hannun masu hasken fata kuwa, da shuɗin da ake zanawa a littafi, aikin haske ne da fata, da kuma alƙalamin mai zane. Jinin mutum bai taɓa zama shuɗi ba.

[Kibiya daga dama zuwa huhu]

To ina baƙin jinin ya nufa? Yana shiga ɓangaren dama na zuciya. Mutane da yawa suna zaton a nan zuciya ke wanke shi ta miƙa wa hagu. A'a. Zuciya famfo ce, ba ta wanki. Ga bangon nan kuma ya tare hanya. Dole ya fita, ya bi ta huhu, sannan ya dawo ta hagu.

Ku bi numfashi ɗaya. Ya shiga hanci, ya gangara maƙogwaro, bututun ya rabu biyu, ya yi ta rabuwa kamar rassan bishiya, har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna. Sun haura miliyan 300, kowace a naɗe da jijiyoyi sirara ƙwarai, waɗanda ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya, kamar layin shiga Rauda. Tantanin da ya raba iska da jini a nan, in ka tsaga milimita ɗaya gida dubu, bai kai kashi guda ba. Ƙwayar ba ta cika daƙiƙa ɗaya a wurin, amma ya ishe ta. Oksijin ya shige, iskar kabon dayoksaid ta fice, jinin ya koma ja wur.

Ku kalli yadda launin ke juyawa. A maimaita mana wurin nan.

Jinin da ke farantin can, da an bar shi a jiki, da tuni ya je huhu ya yi ja ya dawo. Duhunsa na ƙaruwa ne don kofin ya zuƙe wurin, jini ya taru a fata. Daskarewar kuwa, duk jini mai lafiya haka yake yi idan ya bar jijiya. Wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan layya ya ga yadda na rago ke yin guda cikin 'yan mintuna. Da a ce ba ya daskarewa, da ƙaramar tsagar aska ta kai mutum asibiti.

Dattin gaskiya yana nan, amma ido ba ya ganinsa a faranti. Kabon dayoksaid ba ta da launi, da kowane numfashi kake fitar da ita. Sauran kuma ƙoda ke tacewa, ta fitar da fitsari, dare da rana, ba ta karɓar riyal ko ɗaya.

[Shafin tsohon littafin Larabci]

Maganar bangon nan kuwa ba ta Turawa ba ce. Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, ya ce akwai ƙananan ramuka a jikinsa da jini ke ratsawa, aka yi ta binsa a kan haka sama da shekara dubu. Sai Ibn Nafis, mutumin Sham da ya yi aiki a Alƙahira, a sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina a 1242, ya ce babu rami a wurin, na fili ko na ɓoye, ta huhu jini ke bi. Wiliyam Habi na Ingila bai fito da bayanin zagayen jini gaba ɗaya ba sai 1628. In da ni ne, da sunan Ibn Nafis na liƙa a bangon kowane ɗakin hijama.

[Kaskon gawayi a ɗaki]

Saura abu ɗaya, tunda sanyi na tafe, kuma na san halinmu da kaskon gawayi. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska, kabon monoksaid, ba wari ba launi. Tana damƙe kujerun himogulobin fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, ta hau ta ƙi sauka. Jinin wanda ya shaƙe ta ja wur yake, kyakkyawa a ido, alhali ƙwaƙwalwarsa na neman iska. Har 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin tana iya nuna lamba mai kyau, don ba ta bambance fasinjojin biyu.

Don haka idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tare, kada a tsaya neman Panadol. A fito waje, a buɗe taga, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar, 997. Gwaggo, wannan kaskon da kike shiga da shi ɗaki da turaren wuta bayan Isha, shi ma a ciki.