Digiri na biyu kan manufofin gwamnati ba tare da ajiye aiki ba

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, lita ta haura naira 500 a Kano da Abuja, kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi sahu. To wa ya zauna ya yi lissafin abin da zai biyo baya? Wa zai auna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Irin waɗannan tambayoyi su ake koya maka amsawa a fannin nazarin manufofin gwamnati.

Kada a haɗa shi da fannin gudanar da mulki, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Shi wancan ya fi karkata ga yadda ake tafiyar da ma'aikata da ma'aikatu. Wannan kuwa bin diddigi yake yi: me ya sa gwamnati ta zaɓi wannan hanya, nawa za ta ci, wa zai amfana, kuma a ina abin ke cijewa.

Ɗauki dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta karɓa. A takarda, dabara ce mai kyau. A zahiri, kuɗi kan yi shekaru jibge a hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, saboda wasu jihohin ba su kawo nasu ba, alhali yara na zaune a ƙasa cikin aji. Wanda ke aiki a hukumar ilimi ta jiha ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙa a nan, kuma shi ya sa karatu daga gida ya dace da wannan fanni: abin da ka karanta da dare, da safe za ka tarar da shi cikin fayil a teburinka.

Ina ake yi? A Najeriya akwai jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita bayan dawowar mulkin farar hula, daga baya ma shi kansa ya zama ɗalibinta. Tana ba da digiri na biyu a gudanar da mulki, wato ɗan'uwan wannan fanni: ka sauke darussa a waya, ka yi aikin gida ta intanet, jarrabawa kuwa sai ka je cibiya da ƙafarka. A Ingila, makarantar SOAS ta Jami'ar Landan tana da digiri kan manufofi da gudanarwa daga nesa, sai dai da fam ake biya, ka kuwa san halin da naira ke ciki.

Wahalar ba a ɓoye take ba. Babu malamin da zai tsare ka da ido, ga data, ga rashin wuta, ga kundin bincike a ƙarshe, inda da yawa ke sarewa. Akwai lissafi da alƙaluma, kada wani ya ce maka surutu ne kawai.

Kafin ka biya ko sisi, duba ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin. In kuma ƙarin girma kake hari a wurin aiki, samu izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarka tun kafin ka yi rajista.