Yadda jiki ke rabon siliniyom idan ya yi ƙaranci

Assalamu alaikum, ɗaliban kimiyya na Katsina da Daura. Ku dubi haruffan nan uku a kan allo: U, G, A. A aji an ce muku da zarar ribosom, injin ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, ya iso nan sai ya tsaya, ya saki furotin. Haka ne, amma ba kullum ba. Jikin ɗan Adam na ƙera furotin iri 25 masu ɗauke da siliniyom, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, kuma a saƙonsu UGA na nufin a saka selenosistin, amino asid na 21 (tubalin ginin furotin), wanda shi ke ɗauke da siliniyom ɗin.

To yaya ribosom ke bambancewa? Can ƙarshen zaren mRNA, wato saƙon da ribosom ke karantawa, bayan wurin da ake karantawa, akwai wata lanƙwasa mai suna SECIS. Furotin SBP2 ya kama ta, ya jawo wani furotin mai suna eEFSec, shi kuma ya kawo tRNA, mai dakon amino asid zuwa ribosom, ɗauke da selenosistin. A kan tRNA ɗin ma ake ƙera wannan amino asid: a ɗora amino asid serin, a maƙala masa fosfet, sannan siliniyom ya maye gurbin fosfet ɗin.

Ku natsu a nan, don nan ne ainihin maganar. In siliniyom ya yi ƙasa, ba a raba shi daidai wa daida. Kamar maigida ne da rumbunsa ya yi ƙasa a tsakiyar damina, ya san wa zai fara ciyarwa. A saƙon GPX1, ɗaya daga cikin furotin 25 ɗin nan, ribosom yakan cije a kan UGA, ƙwayar halitta ta ɗauka saƙon ya lalace, ta wargaza shi. GPX4 kuwa, mai hana kitsen bangon ƙwayar halitta lalacewa, ana ci gaba da yin sa. Gaɓoɓi ma haka: hanta na cusa selenosistin har 10 a furotin SELENOP ta sako shi cikin jini, ƙwaƙwalwa da 'ya'yan maraina su riga kowa karɓa.

In SBP2 ya samu tangarɗa ta gado, sinadarin maƙogwaro T4 ba ya juyewa zuwa T3, nau'insa mai aiki, yadda ya kamata. In ƙasar noma ce ba ta da siliniyom, kamar yankin Keshan a Sin, zuciya ce ke raunana.

Babban mutum na buƙatar maikirogiram 55 na siliniyom a rana, kuma kifi, ƙwai, nama da hanta na bayarwa. Kada dai a ruga kemis. In furotin ɗin nan sun ƙoshi, ƙari ba ya ƙara su, kuma wanda ya daɗe yana wuce maikirogiram 400 a rana zai iya ganin gashi na zuba, farce na karyewa, numfashi na warin tafarnuwa.