Sammakon Iyaye Tun Daga Dare Yake Farawa

Anti Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Bauchi. Ina tare da Malam Sani da Maman Amira, yau kuma maganar sammako za mu yi ga iyaye masu ƙananan yara. Maman Amira, ke ce mai goyo, bismillah.

Maman Amira: Anti, kullum sai a ce mana mu koyi tashi da wuri. Ai tashi muna yi. Kiran assalatu a garin nan wajen biyar ne, da bazara ma kafin biyar. Bayan sallame sallah ne ake kayar da mu. Kina kan darduma ido ya yi nauyi, ki ce bari in ɗan kishingiɗa. Sai ki farka bakwai saura, ba a ɗora ruwan wanka ba, safa ɗaya ta ɓace, ga mai Keke Napep yana ta hon a ƙofar gida.

Anti Rabi: Mu malaman firamare tun daga bakin aji muke gane gidan da aka tashi a gigice. Yaro zai shigo ido jawur, an daka masa tsawa, bai karya ba. Darasin farko duk ya tafi a banza, kuma wallahi abin yana taɓa ni.

Malam Sani: Ni hadisin Sakhr al-Gamidi nake tunawa, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sakhr ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, har dukiyarsa ta bunƙasa. Ku je kasuwar Muda Lawal bayan asuba ku gani, kafin wani ya buɗe ido masu kayan gwari sun gama sauke lodi. Da safe ake kama fara.

Maman Amira: Gaskiya ne Malam. Amma ƙarfe nawa mai kayan gwarin ya kwanta?

Anti Rabi: Yawwa, nan nake so mu tsaya. Likitocin barci sun ce babba yana buƙatar aƙalla awa 7. Ɗan shekara 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, har da barcin rana. Ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. To a yi lissafi. Mai son tashi biyar ya zauna a farke, goma ta yi masa a kan gado. Yaron da za a tasa shida, takwas zuwa tara ya kamata a ce ya yi nisa. Mu kuwa goma ta wuce yara suna gaban talabijin, uwa tana wanke-wanke, uba yana majalisa.

Malam Sani: Majalisar nan dai, Anti, a can ake jin labarin gari.

Anti Rabi: A ji, amma a dawo da wuri. Ga shayi mai kauri ƙarfe goma, wani ya ɗora da goro. Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu sai ya yi wajen awa biyar rabinsa bai bar jiki ba. A dawo gida kuma a kama waya, haskenta yana jinkirta melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi.

Maman Amira: Ni a bar ni in yi magana da bakin masu shayarwa. Jariri bai san agogo ba. Zai tashe ki sha biyu, ya sake tashinki biyu da rabi, ana kiran sallah lokacin barci ya fara yi miki daɗi. Irin wannan matar in ta koma bayan asuba, don Allah a daina ce mata raguwa. Uwar miji ta faɗa, maƙwabciya ta faɗa, har ita ma ta fara ganin laifin kanta.

Malam Sani: Wannan kam da mu maza take. In mutum ya dawo daga masallaci bai koma gado ba, me zai hana ya tashi manyan yaran, ya haɗa musu ruwa, ya tsaya a kansu su sa yunifom? Rabin awa ce, amma ita uwar ta samu ta runtsa. An tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita.

Anti Rabi: Allah ya sa maza su ji. Sauran kuma shirin dare ne. Ana kawo wuta a yi guga, kar a ce sai da safe, don ba a san ko za a wayi gari da ita ba. A tace gasarar koko a ajiye, a cika bokitai, jaka da takalmi su kwana a bakin ƙofa.

Maman Amira: Da hunturu ni tun dare nake cika fulas biyu da tafasasshen ruwa. Sanyin Disamba da Janairu, in sai kin hura gawayi da asuba kafin a yi wanka, an makara an gama.

Malam Sani: Mai kwanciya sha biyu fa, yau ya koma goma kai tsaye?

Anti Rabi: Zai yi ta juyi ne kawai. Ya riƙa matso da lokacin da minti sha biyar-sha biyar, bayan kwana biyu ko uku ya ƙara. Yana sallame sallar asuba ya fito tsakar gida haske ya same shi, kar ya koma ɗaki mai duhu. In hali ya yi, ƙailula ta minti 20 bayan azahar. In ta kai la'asar kuwa, barcin dare ne zai biya.

Maman Amira: Asabar da Lahadi ma haka, Anti?

Anti Rabi: Su ma, tunda ga Islamiyya da safe. Sai dai mai goyo, ita a bar ta ta rama. Mako mai zuwa za mu ɗauko maganar abincin da ake zuba wa yara zuwa makaranta. Mu kwana nan, sai mun sake haɗuwa.