HMCS Sackville: jirgin rakiyar da ya rage

HMCS Sackville jirgin yaƙin Kanada ne da ke ajiye a tashar ruwa ta Halifax, a gabashin ƙasar, kuma shi kaɗai ya rage daga cikin ƙananan jiragen yaƙi samfurin Flower kusan 300 da aka ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa bai wuce mita 63 ba, kuma an kwaikwayi fasalinsa ne daga jiragen farautar manyan kifayen teku, domin irin wannan jirgi yana da arha, kuma ƙananan wuraren ƙira ma suna iya haɗa shi cikin gaggawa.

An ƙera shi a birnin Saint John na Kanada, aka saka shi a ruwa a watan Mayun 1941, ya kama aiki a ƙarshen shekarar. Aikinsa shi ne raka ayarin jiragen kasuwanci masu ɗauke da abinci da man fetur da makamai tsakanin tsibirin Newfoundland, a gabashin Kanada, da Ireland ta Arewa, a daidai lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suke ƙoƙarin yanke wa Birtaniya hanyar samun kayan masarufi.

A watan Agustan 1942 ne ya yi suna. Yana rakiyar ayarin da ake kira ON 115 ƙarƙashin jagorancin Laftanar Alan Easton, cikin hazo mai kauri, sai ya yi arangama da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus har sau uku cikin ɗan lokaci. Ya yi wa ɗaya daga cikinsu, mai lamba U-43, mummunar ɓarna da bama-baman da ke fashewa a cikin ruwa, sannan ya harbi wani, mai lamba U-552, da igwa. A lokacin an ɗauka ya nutsar da wasu daga cikinsu, amma daga baya aka tabbatar cewa dukkansu sun koma sansaninsu.

A watan Satumban 1943, yayin da Jamusawa suka fara amfani da sabon makami mai bin ƙarar farfelar jirgi, wata fashewa kusa da shi ta lalata ɗaya daga cikin tukwanen tururinsa. An kai shi gyara, amma tukunyar ta ci gaba da ba da matsala, har aka janye shi daga aikin rakiya a 1944. A ganina wannan lahani ne ya cece shi, domin da aka cire tukunyar, sai gurbinta ya zama ma'ajiyar wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ruwa don gano jiragen abokan gaba, ya sami sabon amfani a lokacin da aka sayar da 'yan'uwansa ko aka yanyanka su.

Bayan yaƙi ya yi shekaru yana aikin binciken teku har zuwa 1982. Daga nan aka maido masa da kamanninsa na 1944, kuma a 1985 gwamnatin Kanada ta ayyana shi a matsayin abin tunawa da sojojin ruwanta.