Jifan faifai a makaranta: faranti biyu da yashi sun isa farawa

Ku dubi faifan da ake wasan jifa da shi. Shi ne wanda manyan maza suke jifa da shi a gasa: nauyinsa kilo 2, faɗinsa santimita 22, gefensa ƙarfe. Na mata kilo 1 ne. Da irin wannan Mykolas Alekna, ɗan ƙasar Lituweniya, ya kafa tarihi a 2025, inda ya jefa shi mita 75.56.

To, a ɗora shi a hannun yaro ɗan shekara 12 mu gani. Yatsunsa ba za su kai gefen ba, sai ya damƙe shi ya wurga kamar mai jifan mangwaro. Ga tsoron kada ya faɗo masa a ƙafa. Ga kuma faifai ɗaya tal, aji guda na jira. Kafin layi ya zagayo kansa sau biyu, an kaɗa ƙararrawa. Ta ina sha'awa za ta fito?

Shi ya sa wasu malaman wasanni suke haɗa nasu. Farantan roba biyu ake samu, a ƙulla yashi kaɗan a leda a sa tsakani, a kifa ɗaya kan ɗaya, a naɗe bakin da salatif. Goma aka haɗa, yara goma ne ke jifa lokaci guda.

Amfanin ya wuce rage layi. Sirrin jifan yana yatsu. Gaɓoɓin ƙarshe ne ke riƙe gefen, babban yatsa yana kwance a sama, faifan kuma daga manuniya yake fita. Mai jifa da hannun dama zai ga yana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya. Ku kalli yarinya mai koyo, mirgina shi take yi a ƙasa tukuna. In ya tafi sak bai karkace ba, ta gane sakin. Koyon juyin ƙugu kuwa, jifa da tsohuwar tayar keke ya wadatar.

Sai dai faranti ba faifai ba ne. In ya cika rashin nauyi, iska ce za ta yi ta wasa da shi. Hannu na sabawa, a ƙara yashi, sannan a koma na gaske: kilo 1, daga baya kilo 1.5 ga samarin da ba su kai 18 ba. Ko da na roba ne, kowa ya jefa gefe ɗaya, kada wanda ya shiga fili ɗauko nasa sai malam ya ba da izini.