Yatsa ma yana gani: lacca kan maɓallan na'urorin gida

Assalamu alaikum. Duk mai ƙaramar waya mai maɓalli a aljihunsa ya fito da ita, ya shafa lamba 5. Kun ji ɗan tudun nan? Da gangan aka sa shi. Da shi makaho yake gane tsakiyar lambobi, ya lalubo sauran ba tare da ya tambayi kowa ba. Haka harafin F da J suke a allon rubutun kwamfuta, haka 5 ɗin injin ATM.

Dabarar ta daɗe. A lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta yin haɗari wajen sauka, ana ta ɗora wa matuƙa laifi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba ya ga maɓallin tayoyi da na faifan bayan fiffike (wanda ake saukarwa don rage gudu wajen sauka) suna kusa da juna, kuma kamarsu ɗaya a hannu. Matuƙi ya gaji, sai ya naɗe tayoyi jirgi na ƙasa. Aka liƙa wa na tayoyi ɗan ƙaramin taya na roba, aka ba ɗayan wata siffa daban, irin wannan haɗarin ya kau.

To, yau ku dubi injin wanki da murhun lantarki na zamani: gilashi ne sumul. Irin wannan allon yana aiki ne da ɗan cajin lantarkin da ke jikin fata, shi ya sa jiƙaƙƙen hannu ke rikita shi. Uwargida tana tsakiyar girki, hannu duk ruwa da mai, ta taɓa ya ƙi, ko ya kunna abin da ba ta nufa ba. Da maɓallin yana da kaushi ko ɗan rami, yatsa ba zai zame ba, kuma za ta ji shigarsa.

Wanda ya fi damuna shi ne POS mai gilashi. Mai larurar gani ya zo cire kuɗinsa, babu tudun da zai lalubo, dole ya faɗa wa wani lambar sirrinsa. Wannan cutarwa ce.

A Turai an fara gyara. Hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci ta ce daga 2026 za ta rage wa mota maki idan hon, sigina da waifa ba su da abin dannawa na zahiri. Ku kuma masu gyaran kayan lantarki da ke zaune a nan, in tsohuwa ta kawo muku na'ura mai santsi, ku ɗiga ɗan gam mai tauri a gefen wurin kunnawa da na kashewa kafin ku mayar mata.